Yadda Na Yi Cinikin Hoton Kaina

Sunana Hajjo, matar marigayi Nababa direban tanka. Ina zaune a Mararaba, ina sayar da ɗanyen kifi a kasuwar Kado, yau shekara goma sha shida. Duk wanda ya san layin 'yan tarwaɗa ya san ni, kuma ba da sanyin hali aka san ni ba. Da ciniki aka san ni. Ban taɓa yarda wani ya fi ni wayo a kan farashi ba, kuma ina alfahari da haka har ina faɗa da bakina. Wannan halin shi ya ciyar da ni, shi ya kai 'yata Halimat makaranta har ta samu aiki a ma'aikatar gwamnati. Shi ne kuma ya kusa kai ni ƙasa.

Ga yadda nake yi. In mai saye ya taya, ko da tayin ya yi mini, ba na bari ya gani a fuskata. Sai in ce "albarka", in ja buhu in rufe baho, in juya in kama hira da maƙwabciyata kamar na manta da shi. Wanda ya zo kallo zai wuce. Wanda yake so zai zagaya kasuwa ya dawo, in kuwa ya dawo ya zama nawa. Tun rasuwar Nababa na koyi wannan, lokacin da na gane cewa mace marar miji in ta nuna tana buƙata, an gama da ita. Dokata guda ce: wanda ya fara nuna so, shi ke biya.

Maƙwabciyar tawa Christina ce, mutuniyar Kagoro, mai sayar da banda. Shekara tara teburinmu na jingine da juna. In tana son tsokana sai ta kira ni Oga Hajjo, ni kuma in kira ta Sarauniyar Hayaƙi, don ko coci ta je ƙamshin banda na biye da ita.

Wata Talata da hantsi ina gyara wa wata kwastoma tarwaɗa, sai wuƙa ta suɓuce daga hannuna na dama. Na sunkuya zan ɗauka, hannun ya ƙi. Yana nan a jikina, ina ganinsa, amma kamar na aro. Na buɗe baki in ba matar haƙuri, sai na ji wata magana tana fita wadda ni kaina ban gane ta ba.

Christina ta saki kwandon da ke hannunta. "Yesu! Hajjo, bakinki ya karkace!"

Suka zaunar da ni a benci, wata tana mini fifita da kwali. Bai kai rabin awa ba abin ya sake ni. Hannu ya dawo, harshe ya dawo. Na miƙe na ɗauki wuƙata.

"Rana ce ta buge ni," na ce.

"Wace rana?" in ji Christina. "Haka ya yi wa babana. Ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, na uku ya zo ya zauna. Shekara huɗu muna juya shi a tabarma. Tashi mu je asibiti."

"In bar kifi wa? Ke? Ki mayar mini da shi banda?"

Ba ta kula ni ba. Ta zaro waya ta kira Halimat. Kafin azahar sai ga yarinyar nan ta sauko daga koriyar tasi da kayan ofis a jikinta, tana tsallake ruwan kifi da takalmi mai tsini. Don kada ta yi mini kuka a gaban mutane na bi ta.

A wani babban asibiti na cikin gari aka kai mu wurin wani likita, Dakta Uthman. Matashi ne, da kaɗan ya girmi Halimat, kuma Mama yake ce mini. Ya sa na ɗaga hannuwa biyu, ya sa na yi murmushi, ya sa na maimaita wasu kalmomi kamar 'yar makaranta. Aka auna jini aka ce ya hau sosai. Sannan ya jawo kujera kusa da ni.

"Mama, abin da ya same ki gargaɗi ne," ya ce. "Jini ya tsaya wa wani sashe na ƙwaƙwalwarki na ɗan lokaci, sannan ya wuce. Wanda haka ta same shi, kwanakin farko su ne masu haɗari, don babban na iya biyo baya, wato shanyewar ɓarin jiki. Ina son in san inda hanyar ta matse. Akwai na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kai da jijiyoyin wuya ba tare da an tsaga mutum ba."

Halimat ta tambayi kuɗin. Da ya faɗa sai da na gyara zama. Amma ya ɗaga hannu ya ce akwai wata hanya.

"Muna wani bincike a nan. Muna tara hotunan masu irin ciwonki, da na masu ƙari a ƙwaƙwalwa, muna bin su shekara guda mu ga wa ya warke, wa bai warke ba, da abin da hoton ya nuna tun farko. Yawancin abin da muka karanta a makaranta, a kan mutanen wasu ƙasashe aka gano shi. Muna so mu san namu. In kin yarda kin shiga, za a yi miki hoton kyauta har sau uku. Mu kuma mu ajiye kwafi, babu sunanki a jiki."

A duk wannan dogon bayani, kalma biyu kunnena ya kama: "muna so" da "kyauta". Na ce a raina, banza ba ta kai zomo kasuwa. Na'ura mai tsada haka, a ce a shigar da mai kifi a banza? Ashe kaina yana da daraja, kuma ga mai saye ya fara nuna so.

Wata nas ta kawo takarda, gefe ɗaya da Hausa. "In karanta miki, Mama?"

Karatuna na yaƙi da jahilci ne. Ina haɗa baƙi, amma a hankali, da yatsa a kan layi. Sai dai a gaban 'yata da wannan yaron likita ba zan yarda a karanta mini takarda kamar makauniya ba. Na ce, "Ina da idona." Na riƙe takardar ina kaɗa kai, na tsinci kalma biyu uku, sauran suka yi mini kamar tururuwa. Na ajiye.

"To, ɗana, nawa za ku biya?"

"Umma!" in ji Halimat.

"Yi shiru, ba da ke nake ba. Kai ka ce kana so, kai ne mai saye. Kan nan nawa ne, ni na ɗauke shi shekara hamsin da huɗu. Taya."

Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai ya daina. "Mama, ba a yarda mu saya ba. An hana, don kada talauci ya sa mutum ya amince da abin da ransa bai so ba. Kuɗin mota kawai muke mayarwa."

"Kuɗin mota. Wato hoton ya hau jirgi ya tafi ƙasar Turawa, ni in hau bas in koma Mararaba, in tsaya a cunkoson Nyanya."

"Hoton yana nan Abuja, Mama. Kuma ke ce za ki fara amfana da shi."

Duk mai saye haka yake cewa. Na ja gyalena na miƙe. "Albarka," na ce.

Bai riƙe ni ba. Ya rubuta magani ya miƙa wa Halimat, ya dube ni ya ce, "Haƙƙinki ne ki ƙi, kuma ƙin ba zai rage komai daga kulawar da za mu yi miki ba. Amma ina roƙonki, ko ba ki shiga binciken ba, ki yi hoton nan cikin kwana biyu ko uku, a nan ko a wani wuri. Kada ki ja lokaci."

Ni kuwa abin da na ji shi ne mai saye yana nuna mini ba ya matse. Na san wannan wasan, ni ma ina yin sa wa dillalai. Na fita ina tafiya a hankali a barandar asibiti, kunnena yana baya, ina jiran in ji an ce "Mama, dawo." Har muka kai bakin get ba wanda ya kira.

A tasi Halimat ta ce, "Umma, ni zan biya. Gobe a yi."

"Ki biya abin da za su dawo su roƙe ni su yi? Kin yi boko amma ba ki san kasuwa ba."

"Kai ne fa, Umma, ba kaya ba."

"Shi ya sa ba zan sallama da araha ba."

Washegari na koma kasuwa garau. Maganin ina sha ran da na tuna. A kwana na uku wayata ta yi ƙara, sai na ji muryar nas ɗin nan. Ta tambayi jiki, ta tambaya ko ina shan magani, ta tambaya ko an yi hoton. Na ce mata ina tunani. Ina kashe waya na tafa wa Christina.

"Sarauniya, sun fara zagayowa."

"Su wa?"

"Masu sayen kai. Yau nas, jibi oga da kansa."

Christina ta ajiye kifin da take jerawa ta riƙe ƙugu. "Wallahi Hajjo kina da wayo, amma wani lokaci wayonki ya fi hankalinki. Matar nan ta kira ta ji ko kin mutu, ke kina cewa ciniki. Asibiti ba Kado ba ne."

"Ko'ina Kado ne in kin iya."

Ranar Asabar Halimat ta kama mini layi a wani wurin ɗaukar hoto a Wuse, da kuɗinta. Na ce Asabar ranar kasuwa ce, matan manya ke zuwa daga Maitama, ba zan bar tebur ba. Gaskiyar magana ita ce, ina tsoron in an yi hoton a wani wuri kayan ya fita daga hannuna, ba ni da sauran abin ja. Ta yi kuka a waya, ta ce za ta haɗa ni da kawunnanta. Na ce ta haɗa ni da duk wanda ta ga dama.

A kwana na tara, ranar Alhamis da safe, motar kifi ta iso daga Yawuri. Na tsaya a kan wani babban baho na tarwaɗa muna ja da dillali. Ya faɗi kuɗinsa, na buɗe baki in rage masa, sai maganar ta maƙale. Na sake gwadawa, iska kawai ta fito. Ƙafata ta dama ta lanƙwashe, na faɗa kan bahon, ruwa ya kife a jikina, kifaye suna birgima a kan zanina. Ina ganin kowa, ina jin kowa. Ina so in ce a tsince kifin kada a tattake. Babu baki.

Mata suka taru. Wata ta ce a zuba mini ruwan sanyi, wata ta ce a kawo man zafi a murza, wata ta ce iska ce a nemo mai tofi. Christina ta kutso tsakiyarsu tana ture su.

"Duk wanda ya ɓata mini minti ɗaya zan ci mutuncinsa! Ku ɗauka mini ita!"

Ta duba wayarta ta faɗi lokaci da ƙarfi don ta riƙe, ƙarfe takwas da minti goma. Ashe Halimat ta riga ta gaya mata abin da likita ya ce a yi in abin ya dawo. Su biyun sun shirya a bayana. Aka sa ni a tasi da jiƙaƙƙen zani, kaina a cinyarta, tana zagin direba yana gudu, tana mini addu'a irin tasu, ni kuma ina tawa a zuci.

Tambayar farko da aka yi a asibiti ita ce ƙarfe nawa abin ya fara. Christina ta faɗa. Halimat ta iso a guje ta sa hannu a takardu, tunda ni ba baki ba hannu. Aka tura ni wani ɗaki aka yi hoto na gaggawa. Na ji Dakta Uthman yana ce wa Halimat, "Toshewa ce, ba fashewa ba. Kuma an kawo ta da wuri." Ya ce akwai allurar da ke narkar da jinin da ya daskare, amma ba a yin ta sai an ga hoto, don in jijiya ce ta fashe allurar kashe mutum take. Kuma in awoyi suka wuce ba ta da amfani. Suka yi mini.

Kwana biyu bayan haka aka kai ni babbar na'urar, wadda na ƙi shiga a banza, yanzu kuma Halimat ta biya. Aka cire mini 'yan kunne da zobe, aka lalube ni kada a bar ko fil. Aka kwantar da ni aka tura ni cikin wani rami fari mai matsi. Na tuna kabari, na tuna Nababa. Sai ƙara ta fara, kamar an haɗa injin markaɗe da maƙera a ɗaki ɗaya. Aka ce kada in motsa. Ban taɓa yin shiru mai tsawo haka ba tun da aka haife ni.

Ƙafar ta fara dawowa da wuri. Harshe ne ya wahalar da ni. Maganar tana nan a kaina sarai, amma in ta zo baki sai wata ta fito. Ina son ruwa, sai in ce kifi. Christina ta zo dubiya ta ji haka, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Oga Hajjo, ko a gadon asibiti talla kike." Na so in rama. Na nemi zagi ko guda ban samu ba. A nan na yi kuka, don na ga abin da zan rasa. Mai kifi ba hannun riƙe wuƙa, ba bakin ciniki, me ya rage mata? Sai zaman ɗaki, 'ya tana ciyar da ita.

Da na ɗan samu sauƙi Dakta Uthman ya kawo kwamfuta bakin gadona ya juyo mini da ita. Na ga wani abu toka-toka, kamar an raba kabeji biyu.

"Kanki ke nan, Mama. Albishir na farko, babu ƙari." Ya nuna wani ɗan tabo fari a gefe guda, bai kai goro ba. "Nan ne jini ya yanke. Ɓangaren hagu ne, shi ke riƙe da hannun dama da magana. Allurar ta ceci abin da ke kewaye da shi." Ya sauya hoto, ya nuna wata jijiya a wuya mai kama da tiyo, a wani wuri ta tsuke kamar an matse ta da yatsa. "Wannan kuma shi muke nema ranar nan."

Na daɗe ina haɗa kalmomi. "Da... an yi?"

Ya gane. Bai ɗaga murya ba, bai ce ai na gaya miki ba. "Da mun gani, da mun ƙara miki magani, da mun tura ki a buɗe hanyar. Ban ce tabbas da bai faru ba, wannan sanin Allah ne. Amma da mun samu kwana tara."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Aka yi mini aiki a wuya aka buɗe jijiyar. Bayan an sallame ni na koma gidan Halimat, kullum sai a kai ni sashen gashi, inda ake motsa mini hannu, ana sa ni matsa ƙwallon roba, wata kuma tana koya mini kiran sunayen abubuwa: cokali, kofi, ƙofa. A bencin jira na haɗu da wani dattijo, Malam Yamusa, tsohon masinja a wata ma'aikata. Mutum ne mai surutu, ni kuwa lokacin ba ni da bakin tsayar da shi. Wata rana ya tura hularsa baya ya nuna mini wani dogon tabo a kansa.

"Ƙari ne, Hajiya, kamar ƙwan zabo. Shekara biyu ina ciwon kai, ana ce mini sammu ne. Hoto ya gano shi. Yanzu ina cikin binciken Dakta, saura mini hoto ɗaya."

Na yi ta kokawa da harshe har na fitar da ita. "Nawa... suka biya ka?"

Ya yi dariya har sai da ya yi tari. "Hajiya, a ina aka haife ki?"

"Kusa da Lafiya."

"To kin san gayya. Ran da ake noman gonar wani, wa ake biya? Kowa ya zo da fartanyarsa, a yi, a sha kunu, a watse. Ran taka gonar su ma su zo. Likitan da ya buɗe kaina, a kan hotunan waɗanda suka riga ni ya koyi inda zai bi da wuƙa. Ban san su ba, ba su san ni ba, wasu ma sun rasu. Sun yi mini noma. Yanzu layina ne ya zo, sai in ce a biya ni?"

Aka kira sunansa ya tashi ya bar ni. Na zauna ina kallon hannuna a cinya. Allurar nan da aka yi mini, wani ne ya fara yarda aka gwada a kansa. Sanin cewa hagu ke riƙe da dama, a kan wani aka gano shi. Na sha kunun gayya na ƙoshi, da aka miƙo mini fartanya na ce a taya.

Ranar komawa wurin Dakta Uthman na ce masa ina son takardar nan. Nas ta kawo. Na dubi Halimat, na dubi likita, na ce abin da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba.

"Karanta mini. Karatuna ba ya sauri."

Ba wanda ya yi dariya. Ta karanta tun daga sama, a hankali. Ashe komai yana ciki. An rubuta cewa ba a sayen hoto kuma ba a sayar da shi. An rubuta cewa duk abin da aka gani za a gaya mini. An rubuta cewa ran da na ga dama in fita, ba mai tambayata dalili. Har da jan kunne cewa wanda ya samu irin gargaɗin da na samu kada ya jinkirta hoto. Takardar nan na riƙe ta a hannuna ranar farko ina kaɗa kai.

Na ce, "Na sallama. Amma da sharaɗi."

Halimat ta dafe goshi. "Umma, don Allah."

"Ban da Asabar. In na koma kasuwa, Asabar tawa ce."

Dakta Uthman ya yi murmushi. "An ba ki Litinin, Mama."

Wannan kaɗai na ci a duk cinikin. Na kama biro da hannun dama, ya zame sau biyu, a na uku na rubuta Hajjo a karkace.

Aka yi mini hoto a wata na uku, aka sake a wata na shida, aka yi na ƙarshe da shekara ta cika. Kowane lokaci sai ya juyo mini da kwamfuta mu duba tare. Tabon yana nan, ya ce ba zai tafi ba, amma bai ƙaru ba, jijiyar kuma a buɗe take. Ya ce sassan da ke kewaye sun karɓi wani abu daga aikin wanda ya mutu, kamar yadda maƙwabta ke riƙe wa mutum tebur. Magana ta dawo, sai dai ta rage gudu, in na gaji takan yi tuntuɓe. Hannun ya dawo ban da yatsu biyu na ƙarshe, waɗanda har yau ba sa rufuwa. Ba zan ƙara riƙe tarwaɗa mai santsi da wuƙa ba.

A wata na biyar na koma Kado. Na tarar Christina ta cire katakon da ya raba teburinmu. Ta ce, "Ni hannu, ke baki. Ni zan gyara, ke ki ji da dillalai, don ni kullum cutata suke." Haka muke har yanzu, ɗanye a dama, banda a hagu. Dillalan Yawuri sun ce ciwon bai rage mini komai ba, sai ma ya ƙara, don yanzu in na yi shiru ina neman kalma sai su zaci fushi ne, su rage da kansu.

Bana da damina wata mai tattasai a bayan layinmu tana ba da canji sai kuɗin ya zube daga hannunta, gefen bakinta ya sauka. Kafin in iso abin ya fara sakinta, tana cewa ba komai, yunwa ce, a bar ta ta ƙarasa ciniki. Ban yi mata gardama ba. Na duba lokaci a waya, na kama ta da hannun hagu, na ɗaga mata na dama a fuska ta ga yatsun nan biyu a sandare.

"Kin ga wannan? Kwana tara na saye shi. Shiga tasi."

Ta shiga. A ranar aka yi mata hoto, aka ga abin da za a gani, aka tare shi. Tana nan yanzu da yatsunta goma, tana cika wa mutane gyara kamar ba ta san zafin kuɗi ba.

Darasin da ke cikin labarina shi ne, ba kowane mai cewa "ina so" ne mai saye ba, kuma ba kowace kyauta ce tarko ba. Girman kai ya hana ni in ce a karanta mini, wayo ya sa na ɗauki mai son taimakona a matsayin abokin ja. Ni da nake sayar da ɗanyen kifi na fi kowa sanin cewa akwai kayan da ba ya jiran a gama ciniki, kuma lafiya tana cikinsu. In hannu ya mutu, ko baki ya karkace, ko magana ta rikice, ko da na minti biyar ne ya wuce, a duba lokaci a nufi asibiti a ranar. In likita ya ce a yi hoto, a yi. In ba ka gane takarda ba, ka ce a karanta maka, ba a mutuwa da wannan kunyar. In kuma aka nemi ka ba da naka don a koyi yadda za a ceci na baya, ka tambayi duk abin da kake son sani, sannan ka tuna wasu sun ba da nasu kafin ka zo. Allah ya bar mu da lafiyarmu, ya raba mu da wayon da ke cin mai shi.